Madara da lemu ba sa zama guba a ciki

Tun muna yara ake ja mana kunne: kada a sha madara a kan lemu, wai za ta tsinke a ciki ta zama guba. Tsinkewar gaskiya ce, iyayenmu sun gani da idonsu. Batun gubar ne babu shi.

A cikin madara akwai wani furotin da ake kira kasin. Da tsami ya taɓa shi sai ya dunƙule ya rabu da ruwa, shi ke nan. Haka mai awara ke zuba ruwan tsami a tafasasshen ruwan waken suya ya kama, mu saya mu ci da yaji lafiya lau. Ruwan tumbinmu ma ya fi lemun zaƙi tsami nesa ba kusa ba, don haka duk madarar da aka sha sai ta tsinke, da lemu ko babu.

Ku gwada a gida: ku matsa lemun tsami a rabin kofin madara mai zafi, bayan minti 5 ku tace da ƙyalle mai tsabta. Abin da ya rage cuku ne.

Wanda madara ke kumbura wa ciki kuwa, galibi sukarin cikinta ne jikinsa ba ya narkarwa. Don Allah ku tura wa 'yan uwa wannan bayani.