Kulɓa mai shuɗin harshe ba ta da dafi

A Garwa da Marwa na ƙasar Kamaru an daɗe ana cewa kulɓa dafi gare ta, balle mai shuɗin harshen nan da ake kiwo, 'yar asalin Ostireliya da Indunusiya. Tsoron ba abin mamaki ba ne, jikinta ya yi kama da na maciji. Amma ba ta da dafi. Harshen na barazana ne: idan ta firgita sai ta wage baki, ta yi huci, ta zaro shi.

Ku lura da bakinta tana cin dodon koɗi. Haƙoran gajeru ne, dakusassu, na farfasa ɓawo, babu fiƙa irin ta kububuwa. Cizonta dai akwai zafi, a wanke wurin da sabulu. Kashinta ne abin kiyayewa, yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa, shi ya sa ake wanke hannu bayan an taɓa ta.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa.