Biri ba kwaikwayo kawai ya iya ba

An daɗe ana cewa biri kwaikwayo kawai yake yi, bai san manufar abin da ya gani ba. A ido, haka abin yake.

Amma a 1992, masu bincike a Parma ta Italiya sun gano wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri da ke aiki in ya ɗauki abinci, haka kuma in ya ga mutum ya ɗauka. In hannu ya yi motsin babu abin ɗauka, galibi shiru suke yi. A 2005 aka nuna wasunsu har suna bambanta ɗauka don ci da ɗauka don ajiyewa.

In kun ji irin wannan magana, ku tambaya: wane gwaji aka yi, me aka auna, an maimaita shi? Don Allah ku tura wa 'yan'uwa.