Waiwaye: Yadda Siffar DNA Ta Isa Ajin Sakandare

Zanen DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gado a jikin halittu, da ɗaliban sakandare ke kwafa daga allo, mai kama da tsani da aka murɗa, sakamako ne na binciken da ya ɗauki fiye da shekara tamanin. Ya kamata malamin bayoloji ya san wannan tarihi, domin kowane sashe na zanen amsa ce ga wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya, kuma ɗalibin da aka ba amsa ba tare da ya ji tambayar ba, hadda kawai zai yi.

A shekarar 1869 wani matashin likita ɗan ƙasar Suwizalan, Friedrich Miescher, yana aiki a birnin Tubingen na Jamus, inda yake karɓo bandejin da aka kwance wa majinyata ya wanke mugunyar da ke jiki domin ya samu fararen ƙwayoyin jini. Daga cibiyar waɗannan ƙwayoyi ya tace wani sinadari mai yawan fosfaras wanda ba furotin ba ne. Daga baya Albrecht Kossel ya gano sinadaran da a yau ake taƙaita su da haruffa A, T, G da C, Phoebus Levene kuma ya nuna cewa kowane tubali na DNA ya ƙunshi sukari da fosfet da ɗaya daga cikin waɗannan huɗun. Sai dai Levene ya ɗauka haruffan maimaita kansu suke yi a jeri ɗaya, abin da ya sa masana suka raina DNA, suka riƙa ganin furotin ne kaɗai ke da sarƙaƙiyar da za ta iya ɗaukar gado daga iyaye zuwa 'ya'ya.

Wannan ra'ayi ya fara girgiza a 1944, lokacin da Oswald Avery da abokan aikinsa biyu a Cibiyar Rockefeller da ke New York suka nuna cewa DNA ne ke mayar da bakteriyar ciwon huhu marar lahani ta zama mai kisa. A 1950 Erwin Chargaff ya bayyana cewa adadin A yana daidai da na T, na G kuma daidai da na C, ko da yake shi kansa bai kai ga dalilin hakan ba.

A kwalejin King's da ke Landan, Rosalind Franklin da ɗalibinta Raymond Gosling sun riƙa haska zaren DNA da hasken eksire, kuma a watan Mayun 1952 suka ɗauki hoton da aka sani da lamba 51, wanda gicciyen ɗigogin da ke cikinsa ya nuna siffa murɗaɗɗiya. A jami'ar Kambirij ta Birtaniya kuwa James Watson da Francis Crick gina samfuri suke yi da hannu. Samfurinsu na farko, a 1951, mai zare uku ne da fosfet a ciki, Franklin ta dube shi ta ce ba zai yiwu ba, tilas fosfet ya kasance a waje inda zai haɗu da ruwa. Linus Pauling, masanin sinadarai na Amurka, duk da shahararsa, ya faɗa irin wannan kuskure a farkon 1953. A ƙarshen Fabrairun shekarar Watson ya yanka siffofin haruffan huɗu a kwali yana jujjuya su a kan tebur, sai ya ga cewa A haɗe da T yana da faɗi ɗaya da G haɗe da C. Nan take lissafin Chargaff ya samu ma'ana, aka kuma ga cewa a siffa mai zare biyu kowane zare zai zama ma'aunin ƙera abokinsa idan an raba su. Mujallar Nature ta buga bayanin ranar 25 ga Afrilun 1953. Franklin ta rasu a 1958 tana da shekara 37, kyautar Nobel ta 1962 kuma ta tafi ga Watson da Crick da Maurice Wilkins, abokin aikinta a King's, kuma adalci ne malami ya ambaci sunanta a aji, tun da ma'aunanta ne suka ɗaure samfurin.

Shigar darasin makarantun sakandare ta ɗauki kimanin shekara goma. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta zuba kuɗi wajen gyara koyar da kimiyya, aka kafa kwamitin gyara manhajar bayoloji mai suna BSCS a 1958, wanda ya fitar da littattafai iri uku a 1963, ɗaya daga cikinsu ya ɗora bayoloji kacokan a kan sinadaran halitta. Gidauniyar Nuffield ta yi makamancin wannan aiki a Birtaniya, inda aka fifita gwaji da hannu a kan karatun baki. A Najeriya darasin gado yana zuwa ne a ajin ƙarshe na babbar sakandare, daf da jarrabawar WAEC da NECO, lokacin da hankalin kowa ya koma kan tsofaffin tambayoyi, don haka sau da yawa abin da ɗalibi ke fita da shi bai wuce cewa A na bin T, G na bin C ba.

Abin takaici ne, domin darasin ba ya buƙatar kaya masu tsada. Idan aka ba ɗalibai kwali da almakashi, aka yanka A da G manya, T da C ƙanana, su da kansu za su gano cewa manya biyu sun yi wa tsakiya yawa, ƙanana biyu kuma ba sa haɗuwa. Idan aka dama ayaba da ruwan gishiri da sabulun wanke kwanuka, aka tace, aka zuba sifirit mai sanyi a hankali ta gefen kofi, farin zare mai yauƙi, wato DNA ɗin ayabar, zai taso, wanda za a iya ɗagowa da tsinke.

Ga ɗaliban ƙasar Hausa akwai misalin da suka sani tun daga gida, wato cutar sikila. A 1956 da 1957, a ɗakin binciken Cavendish inda Watson da Crick suka yi aikinsu, Vernon Ingram ya nuna cewa tubali ɗaya tak ne ya bambanta furotin ɗin jinin mai sikila da na wanda ba ya da ita. Daga baya aka tabbatar cewa asalin bambancin harafi guda ne a DNA, inda GAG ya koma GTG. Malamin da ya rubuta waɗannan haruffa a allo, ya haɗa su da AA da AS da SS da ake gani a takardar gwajin jini kafin aure, ya nuna wa ɗalibansa dalilin da ya sa masu AS biyu ke da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta haifar mai SS a kowane ciki.