Ƙwayoyin da ke cikin bakinmu, har yau ba a gama gano su ba

Jama'a wannan farin dattin da ke maƙalewa a gindin haƙori in mutum ya kwana bai wanke baki ba, yawancinsa fa ba ragowar tuwo ba ne, ƙwayoyin bakteriya ne suka taru suka manne wa juna. Tun a 1683 wani mutumin ƙasar Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek ya kankaro shi daga haƙoransa, ya duba a madubin ƙara girman ƙananan abubuwa da ya ƙera da hannunsa, ya ga ƙananan halittu suna ta motsi. Daga nan har yau aikin bai ƙare ba.

Cibiyar Forsyth da ke Amurka ta tattara kundin ƙwayoyin bakin ɗan adam, nau'i wajen 700 ne a ciki, kuma da yawansu ko suna na dindindin ba su samu ba sai dai lamba. Dalili kuwa wasunsu taurin kai ne da su, ka ɗebo su ka sa a faranti a ɗakin gwaji ka ba su abinci su ƙi tsirowa, wasu iskar nan da muke shaƙa ma kashe su take yi. Shiyasa yanzu masana suke bi ta ƙwayar halittar gado, wato DNA, akwai wani sashe da ake kira 16S da kowace bakteriya take da shi amma na kowa da ɗan bambanci, sai a karanta a gwada da na waɗanda aka riga aka sani, in ya yi nisa da su toh an samu baƙuwa kenan, daga nan a bi halayenta, me take ci, a ina take zama, sannan a raɗa mata suna a sa ta cikin danginta. Haka aka yi a 2008 a King's College da ke Landan, aka gano Prevotella histicola, ita ba a saman haƙori ma take ba, can cikin naman baki aka same ta.

Toh wani zai ce mu ina ruwanmu. Akwai ruwanmu sosai. Ramin haƙorin da muke cewa tsutsa ce ta ci, babu wata tsutsa wallahi, irin su Streptococcus mutans ne suke cin sukarin alawa da lemon kwalba da shayin da muke zabga wa sukari, su fitar da sinadari mai tsami da ke narkar da haƙori a hankali. Amma mafi yawan ƙwayoyin baki ba abokan gaba ba ne, zamansu ma yana hana miyagun samun wuri. Nan ne nake jin haushin masu zuwa kemis da ciwon haƙori a ba su kafso su sha kwana biyu su ajiye. Ramin na nan bai toshe ba, kuma ana koya wa ƙwayoyin jure magani. A je wajen likitan haƙori dan Allah.

Sai babbar maganar, cutar noma, wadda ke cin kunci da leɓen yara musamman 'yan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa ko suka tashi daga ƙyanda. Har yanzu masana ba su kama ƙwaya guda sun ce ita ce mai laifi ba, abin da ake gani shi ne ƙwayoyin baki sun rikice a jikin yaron da garkuwarsa ta yi rauni. Akwai asibitin noma a Sakkwato, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

Iyaye mata ku riƙa ɗaga leɓen yaro kuna duba dasashinsa, a goge masa baki safe da dare da burushi da man goge baki ko asuwaki. In kin ga dasashi na zubar da jini, baki na wari sosai, yawu na dalala, kunci ya fara kumbura, kar ki jira gobe kuma kar a tsaya shafe-shafe a gida, cikin 'yan kwanaki take huda kunci. A kai shi asibiti a ranar.