Kayan haɗa mutum-mutumi (robot) a makaranta: tambayoyin da malamai ba sa gajiya da yi

Shin sai yaro ya iya kwamfuta kafin ya fara?

A'a. A manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, umarni ake jerawa kamar tubala, kuma ɗan firamare yana iyawa.

Mutum-mutumin zai yi magana da tafiya kamar mutum?

Ba zai yi ba. 'Yar mota ce da take bin baƙin layi ko kauce wa bango. Don Allah a daina yi wa iyaye alkawarin abin da suke gani a fim.

Idan yara suka lalata kayan fa?

Za su lalata, kuma a nan karatun yake. Shugaban makarantar da ya kulle akwatin a ofis, ba ya fito da shi sai ranar zuwan baƙi, ya yi asarar kuɗinsa.

Wane iri za mu saya, ga ƙarancin kuɗi, ga rashin wuta?

Amsar ta danganta da shekarun yaran da kuma abin da malaminsu ya sani. Kayan LEGO suna da sauƙin haɗawa amma suna da tsada, kuma kamfanin ya daina yin samfurin Mindstorms a ƙarshen 2022, saboda haka a yi hattara da mai tallar tsohon kaya. Inda babu kwamfuta, na fi karkata ga micro:bit, wani ɗan ƙaramin allon kwamfuta wanda BBC ta raba wa ɗaliban Birtaniya kusan miliyan ɗaya a 2016, domin ƙananan batura biyu sun ishe shi, kuma ana iya tura masa umarni daga wayar hannu. Sai dai shi kaɗai ba ya motsi, dole a sayi tayoyi da injinansu daban.

Ga 'yan sakandare kuwa, Arduino, shi ma ƙaramin allon lantarki da aka ƙirƙira a Italiya a 2005, ya fi araha kuma ya fi koyar da lantarki, in dai akwai kwamfuta ko da guda ce. Bayan an sauke manhajarsa, ba a buƙatar intanet. Amma kada a jona injin taya kai tsaye a jikinsa, Arduinon zai iya ƙonewa, sai an sa allon L298N, mai sarrafa wutar inji, a tsakani. Batirin nan mai bolt 9 ma ba ya daɗewa da inji. Idan motar ta bi layi a aji amma ta rikice a tsakar makaranta, Malam ya kwantar da hankalinsa, hasken rana ne yake ruɗa na'urar ganinta.

'Yan mata za su iya?

Wannan ma tambaya ce? A ba su sukundireba.

Ziyarar yini ɗaya zuwa wata makaranta don nuna wa yaranta kayan tana da amfani?

Kaɗan. Idan ba za ku horar da malami ɗaya ku bar masa kaya ba, ku riƙe kuɗin motarku.