Erich Mühe

Erich Mühe (1938 zuwa 2005) likitan tiyata ne ɗan ƙasar Jamus, wanda a yau aka yarda shi ne ya fara cire matsarmamar ɗan Adam ta ƙananan huji, ba tare da tsaga ciki ba. Wannan salon aiki, da likitoci ke kira laparoskofi, shi ne yanzu hanyar da aka fi bi wajen cire matsarmama mai tsakuwa.

Tushen aikin

Leƙa cikin ciki da madubi ya girme shi nesa ba kusa ba. Georg Kelling ya gwada shi a kan kare a 1901, Hans Christian Jacobaeus na Suwidin kuma ya yi wa mutane a 1910. Amma shekaru da dama abin ya tsaya ga dubawa, kuma likitocin mata ne suka riƙe shi. Ɗaya daga cikinsu, Kurt Semm na birnin Kiel, ya cire afendis ta wannan hanya a 1980, likitocin tiyata suka yi masa ca. Mühe, wanda ya zama shugaban sashen tiyata na asibitin Böblingen a 1982, bai bi sahunsu ba. Ya nazarci kayan aikin Semm, ya tsara nasa bututun mai madubi da fitila da ƙofar zura kayan aiki, ya sa masa suna Galloskop.

Ranar 12 ga Satumba 1985 ya yi aikin farko, cikin kimanin awa biyu. Abin da ya ja hankalinsa shi ne saurin warkewa: ciwon kaɗan ne, hanji ya koma aiki da wuri. Zuwa farkon 1987 ya yi wa mutum sama da 90.

Yadda aka karɓi bincikensa

A watan Afrilun 1986 ya gabatar da sakamakon a taron ƙungiyar likitocin tiyata ta Jamus, aka yi masa dariya. A wancan zamani ana ganin babban likita shi ne mai yanka babba. Daga baya wani majinyacinsa ya rasu, aka gurfanar da shi gaban kotu, sai wajen 1990 aka wanke shi. Ga kuma matsalar harshe: yawancin rubuce-rubucensa da Jamusanci ne, don haka ba su ƙetare iyaka ba.

Aikin ya bazu ne ta hannun wasu. Philippe Mouret ya yi shi a Lyon a 1987, François Dubois da Jacques Périssat suka ɗauka a Faransa, a 1988 ya isa Amurka. Haɗa madubin da kyamarar bidiyo ya sa duk wanda ke ɗakin tiyata na ganin abin da ake yi, koyarwa ta zo da sauƙi. Majinyata da kansu suka riƙa nema, har yaɗuwarsa ta riga gwajin kimiyya, kuma a shekarun farko an samu ƙaruwar raunata bututun matsarmama a hannun masu koyo.

An daɗe ana ba Mouret lambar farko. Ƙungiyar da ta yi wa Mühe dariya ta karrama shi a 1992, ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka mai suna SAGES kuma ta tabbatar masa da matsayinsa a 1999.

Yadda ake aikin

Ana sa majinyaci barci, a hura masa iskar kabon a ciki don a samu sarari, a yi huji uku ko huɗu, kowane bai wuce santimita ɗaya ko kusa da haka ba. Mutum kan koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu. Ciwon kafaɗa da wasu ke kuka da shi bayan aikin, ragowar iskar ce ke jawo shi.

A Ghana

Asibitin koyarwa na Korle Bu a Accra ya fara cire matsarmama ta wannan hanya a cikin shekarun 2000, ana kuma yin laparoskofi a Komfo Anokye na Kumasi da wasu asibitocin kuɗi. Buƙatar tana da yawa saboda sikila: yawan fashewar jajayen ƙwayoyin jini na tara tsakuwa a matsarmama tun mutum yana matashi. Ga mai sayar da waake a Nima ko ɗan dako a Aboabo, wanda cinsa ke ga fitarsa ta yau, bambancin mako biyu da mako shida a kwance ba ƙarami ba ne. Sai dai tsadar kayan aiki, ƙarancin ƙwararru, da ɗaukewar wuta sun sa har yanzu tsaga ciki ya fi yawa, musamman a asibitocin gundumomi.