Haidirokabon

Haidirokabon rukunin sinadarai ne da ba su ƙunshi komai ba sai kabon da haidirojin. Su ne jigon ɗanyen mai da iskar gas, kuma daga cikinsu ake samun fetur, kananzir, man dizal, kakin kyandir da kwalta.

Tsari

Ƙwayar zarra ta kabon tana iya riƙe wasu ƙwayoyi 4, ta haidirojin kuwa ɗaya kacal. Don haka ƙwayoyin kabon kan haɗu da juna su yi sarƙa, miƙaƙƙiya ko mai rassa ko mai zagaye, haidirojin ta cike guraben da suka rage. Mafi ƙanƙanta shi ne metan, CH4, wato kabon ɗaya da haidirojin 4. Tsawon sarƙar ne ke nuna halin sinadarin: mai kabon 1 zuwa 4, irin su propan da butan na tukunyar gas, iska ne. Daga 5 zuwa wajen 17 ruwa ne, abin da ya wuce haka kuma yakan daskare. Waɗanda duk haɗinsu guda guda ne ana kiransu alkan. Masu haɗi biyu tsakanin kabon da kabon, kamar etilin, sun fi saurin shiga hulɗa da wasu sinadarai, shi ya sa ake yin roba da su.

Tarihi

Mutanen Mesofotamiya, yankin Iraƙi ta yanzu, sun yi amfani da kwaltar da ke tsattsafowa daga ƙasa wajen gini da toshe jiragen ruwa shekaru dubbai da suka wuce. A wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, likita Al-Razi ya bayyana yadda ake tace ɗanyen mai ta hanyar tafasawa da tara tururinsa. Alessandro Volta ya tattara metan daga fadamar tafkin Maggiore a Italiya a 1776, ya ga yana cin wuta. A 1825 Michael Faraday ya ware wani haidirokabon mai suna benzin, C6H6, a Landan, amma sai a 1865 August Kekulé ya kawo shawarar cewa kabon 6 ɗin a zagaye suke, fahimtar da ta buɗe wa masana ƙofar babban rukunin sinadarai masu irin wannan zagaye.

Hasken fitila ne ya fara jawo wa mai kasuwa, tun kafin mota. Abraham Gesner na Kanada ya samar da kananzir daga kwal a shekarun 1840, Ignacy Łukasiewicz kuma ya ƙera fitilar kananzir a 1853. Rijiyar Edwin Drake a Titusville, jihar Pennsylvania ta Amurka, ta kai ga mai a 1859 a zurfin kusan mita 21, ko da yake an riga an haƙa wata kusa da Baku, a Azerbaijan ta yanzu, tun wajen 1846. A lokacin fetur kusan shara ce ga matatun mai. Da motoci suka yawaita, William Burton ya samu lasisin fasa dogayen sarƙoƙi da zafi a 1913, fetur ya ƙaru daga kowace ganga. A 1921 aka gano cewa zuba sinadarin dalma a fetur yana hana injin ƙwanƙwasa. Illarsa ga ƙwaƙwalwar yara mai muni ce, kuma abin takaici sai a 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da fetur mai dalma.

Ƙonewa

Idan iskar oksijin ta wadata, haidirokabon yakan ƙone ya bar kabon dayoksaid da ruwa da zafi: CH4 + 2O2 → CO2 + 2H2O. Kilo ɗaya na metan yana ba da zafi kimanin megajul 55 (ma'aunin makamashi). Harshen wutar gas mai shuɗi alama ce ta ƙonewa cikakkiya. Idan ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, iskar ta yi ƙaranci, ana samun kunkunniya da kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa a ɗaki rufaffe, musamman inda aka kunna janareta.

Kabon dayoksaid da ƙona mai, gas da kwal ke fitarwa shi ne babban abin da ke ɗumama yanayin duniya.

Asali

Yawancin masana sun yarda mai da gas sun samo asali ne daga ragowar ƙananan halittun teku da ƙasa ta binne, zafi da nauyi suka sauya su cikin miliyoyin shekaru. Ra'ayin Mendeleev, masanin sinadarai ɗan Rasha, cewa sun fito daga cikin ƙasa ba tare da halittu ba yana da mabiya kaɗan.